Tsakuwar da Maharazu Ya Riƙa Ƙarawa

Ƙanƙara,
9 ga Disamba, 1956.

Zuwa ga Yaya Nata'ala a Kumasi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina roƙon Allah ya sa kana cikin ƙoshin lafiya, ya yi wa fataucinka albarka. Mu nan lafiya lau. Inna ta samu sauƙin ƙafarta, an kuma gama yankan dawa a Pauwa.

Yaya, labarin ba mai daɗi ba ne. Ɗanka Maharazu bai ci jarrabawar shiga makarantar Midil ba, lissafi ne ya kā da shi. Da na dawo hutu daga makarantar da nake koyarwa a Faskari, na same shi ya rame. Ya ce shi dai bai san inda ya kuskure ba.

Sai na zaunar da shi a zaure, na ce ya farfasa mini ashirin da huɗu zuwa lambobin da ba sa rabuwa, irin biyu da uku. Ashe ya ƙago wata dabara tasa: duk rabawar da ya yi sai ya ajiye tsakuwa, a ƙarshe ya ƙirga. Ya ce biyu ta shiga sau huɗu, alhali sau uku ne. Na ba shi goma sha takwas, nan ma tsakuwa ɗaya ta yi yawa. Sai na bar duban allon, na zuba wa hannunsa ido. Yana ajiye tsakuwar ne tun kafin ya raba, saboda haka gwajin ƙarshe, wanda ya ƙi rabuwa, shi ma ya shiga ƙirga. Na ce ya fara rabawa, in ta tafi daidai sannan ya ajiye. Duk lambar da na ba shi bayan nan bai sake kuskure ba. Ya tambaye ni ko wannan kaɗai ne kuskuren. Na ce wannan kaɗai. Sai ya kife fuska a gwiwa.

Abin da ke ci mini rai, gyaran bai ɗauki ko lokacin tafasar ruwa ba, ga shi ya zo bayan an rufe jarrabawa.

Na san ka ce in ya faɗi a turo maka shi ya kama sana'ar goro. Ina roƙonka ka bar mini shi shekara guda, in tafi da shi Faskari ya sake gwadawa. Shi ya ce duk abin da ka yanke zai bi, amma da kyar maganar ta fito daga bakinsa.

Inna da Adama suna gaishe ka. Ka gai da Malam Gide da iyalinsa.

Ƙanenka mai jiran amsa,
Zailani