Inna Ta Ƙi Komawa Yamai

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya sanyin can? Ya Maryama da yara? Mu nan Matameye lafiya, sai jikin Inna.

Tun da ka ba ta labarin allurar da kuke bincikenta, mai shiga ƙullutun ciwon daji ta yi kauri kamar koko, ta riƙa sakin magani a nan kaɗai, ta ƙi komawa asibitin Yamai. Cewa take, "Na gaji da amai, zan jira maganin ɗana."

Na ce mata ɓeraye kuke gwada wa har yanzu, ta ce me na sani. Yaya, ni nake mata wanka, ƙullutun ya ƙaru. Don Allah kira ta, maganarka kawai take ji.

Ku sa mu a addu'a. Gai da Maryama.

Ƙanwarka,
Hadiza