Lambar da ke kan Takardar Honarabul

Talata, goma sha huɗu ga wata, ƙarfe huɗu da kwata na yamma. Ni kaɗai ne a ofishin kamfen, kowa ya tafi gangami.

Kawu, assalamu alaikum. Ina fatan ƙafar taka ta yi sauƙi, Allah ya ƙara lafiya. Umma tana nan ƙalau, Gwaggo mai ɗinki ma ta koma shago.

Wata biyu ke nan da Honarabul ya ɗauke ni aiki, daga gama jami'a. Ya yi kansila, ya yi shugaban ƙaramar hukuma, ya je majalisar jiha sau biyu, yanzu yana neman karo na uku. Jiya sakatarensa ya miƙo mini takardun da za a kai hukumar zaɓe, ya ce in sa hannu cewa na duba su kafin Alhamis, wai ba sai na tsaya karatu kamar mai jarrabawa ba. Ni kuwa na karanta.

Takardar shaidarsa ta kwalejin horar da malamai, lambarta ta ƙare da 417. Kawu, kwafin taka takardar da Umma ke ajiye a akwati, wadda ka ce asalinta ya ɓace wurin ƙaura, ita ma haka. Yau da safe na gwada su sau uku. Shekara ɗaya, maki ɗaya, har ɗigon tawadar da ke kusurwar hagu. Suna ne kawai daban, kuma wurin sunan ya fi sauran takardar fari.

Na tambayi Umma, ta ce ai kai da Honarabul abokai ne tun yarinta, in ci abincina. Direbansa kuwa dariya ya yi, ya ce mutum arba'in da ɗaya suka nemi aikin, ni kaɗai aka kira da suna.

In na sa hannu, sunana za a gani ranar da abokin hamayya ya kai ƙara. In na ƙi, aiki ya tafi, ga Umma ta gama sanar da unguwa ɗanta ya samu.

Ban san ko ya taɓa shiga kwalejin ba. Ban san wa ya sa hannu a zaɓukan baya ba, ko kuma don a rufe bakin gidanmu aka ɗauke ni. Abin da ya fi damuna, ban sani ba ko takardar ɓacewa ta yi, ko kai ka bayar. Wannan kai kaɗai ka sani, kuma Alhamis jibi ce.

Ka gaishe da Anti da Yaya Babba. Umma ba ta san na rubuto ba.

Ɗan ƙanwarka.