Kwanukan da Auta ba ta wanke ba

Litinin, 3 ga Yuni
Malamar ajinsu Auta ta tare ni a ofishin malamai. Auta ta faɗi gwajin fahimtar karatu. Za su sake ranar 14, in ta kuma faɗuwa ta maimaita aji huɗu. 'Yata, a makarantar da nake koyarwa! Na yi murmushi na gode mata. Da na dawo gida na tarar Auta ta wanke kwanuka tas, har tukunyar da ba a taɓa ba.

Laraba, 5 ga Yuni
Mun fara bita a falo. Bakinta kamar rediyo, ba ta tuntuɓe ko a kalma ɗaya. Na ba ta labarin yarinyar da ta fasa kofi, ta ɓoye shi a ƙarƙashin gado, sannan ta share gida. Tambaya: me ya sa ta yi shara? Ta ja layi ƙarƙashin "shara", ta nemo jimlar, ta kwafo: "Ta ɗauki tsintsiya ta share gida." Na ce wannan amsa ce ko kwafi? Ta ce ai haka na koya musu a aji uku.

Haka ne kuwa. Ja layi, nemo, kwafa. Har hedimasta ya yaba da dabarar. Amma ai da can ba a tambayar "me ya sa".

Asabar, 8 ga Yuni
Na kasa zama wuri ɗaya. Na ɗora ruwa na manta shi har ya ƙone.

Lahadi, 9 ga Yuni
Yau na ɗaga murya. Na tambaya, na amsa da kaina, na ce ta maimaita. Babansu ya leƙo ya ce yana ganin ni zan ci jarrabawar nan, don duk amsoshin daga bakina suke fita. Ban yi dariya ba. Shi da ko littafin bai taɓa buɗewa ba.

Talata, 11 ga Yuni
Ina guga a ɗaki na ji ta a tsakar gida tana ba babanta labarin kofin, ba littafi a hannunta. Ya tambaye ta dalilin sharar, yana goge takalmi, ko kallonta ba ya yi. Nan take ta ce don uwar yarinyar ta fara jin daɗi kafin ta ga kofin.

"Wa ya gaya miki?"
"Ba kowa, Baba. Ni ma in na faɗi gwaji kwanuka nake wankewa kafin Umma ta dawo."

Na ƙona kwalar rigarsa. Ashe ta sani tun farko. Tsoron rubuta abin da ba ya cikin littafi take yi, kar jan birona ya hau kansa. Ko dai tsorona. Abin ya yi mini ciwo.

Alhamis, 13 ga Yuni
Na yi tambaya na kama bakina, har na zauna a kan hannuwana don kar in nuna mata layin. Can ta amsa, a karkace, amma da kalmominta. Na ce rubuta haka.

Juma'a, 14 ga Yuni
Sun yi. Ban tambaye ta ba. To, sau ɗaya.

Alhamis, 20 ga Yuni
Yau aka raba musu takardu. Na guje wa malamarsu duk yini. Ina shiga gida na wuce kicin ko jaka ban ajiye ba. Kwanuka jibge, ƙudaje suna bi. Auta tana kwance a falo da littafi, ta miƙo mini takardar da kanta. Da ƙyar ta haye, ta faɗi tambaya biyu, kuma ba ta ɓoye su ba.

Na yi mata faɗan kwanukan, kaɗan dai. Jan biron kuwa a makaranta na baro shi. Mantuwa ce.