Ƙananan Lambobi a Takardun Maren

Malama Corinne, ina roƙon taimakonki, domin na rasa wanda zan faɗa wa.

Ni direban motar share dusar ƙanƙara ne a nan garin Duluth. Duk abin da na sani game da kwamfuta, daga 'yan ƙasidun da laburare ke bayarwa kyauta na koya. 'Yata Maren tana ajin ƙarshe na sakandare, ganinta kuma yana raguwa tun bara. Saboda haka nake sake buga mata darussan lissafi da manyan haruffa. A fuskar kwamfuta komai daidai yake, sau biyu nake dubawa. Amma da zarar na mayar da aikin PDF, wato irin fayil ɗin da ake bugawa, na kai shagon ɗab'i, sai haruffan bayani su fito manya, lambobin lissafin kuwa su tsaya ƙanana, wasu alamomin ma su koma akwatuna marasa komai a ciki. Na canza shago, na sake bin ƙasidar layi-layi, ban ga inda na kauce ba.

Kullum na miƙa mata sai ta ce, "Baba, ka fi malaminmu iya aiki." Shekaranjiya na shiga kicin na same ta, hancinta na taɓa takarda, tana sake rubuta lambobin da baƙin alƙalami mai kauri. Ba ta gan ni ba, na koma da baya. Jarrabawa ta ƙarato. In yi mata magana, ko in bar ta da zaton ban sani ba?

Uba Mai Fargaba

Malam, gyaran bai kai girman fargabarka ba. A manhajoji da yawa, lissafi yana da ma'aunin girmansa dabam da na sauran rubutu, shi ya sa bai bi umarninka ba a PDF ɗin. Ka bar komai a girmansa na asali. Wajen mayar da shi PDF, ka zaɓi a haɗa salon haruffan cikin fayil ɗin, akwatunan za su ɓace. Sannan ka ce wa mai shago ya faɗaɗa shafin gaba ɗaya a babbar takarda. Ka gwada shafi guda tukuna. Ka kuma je makarantarta, haƙƙinta ne su tanadar mata manyan takardu ranar jarrabawa.

Maren ta yi shiru ne don tausayinka, kai ma haka, amma idonta ne ke biyan kuɗin shirun. Ka kai mata shafin gwajin, ka ce ita ce mai duba aikin, ta nuna maka duk inda bai karantu ba. Allah ya ƙara mata lafiya, ya ba ta sa'a.

Corinne