Muryar Umma a Bakina

Bani Harisa, Madina
Shawwal, 1397

Zuwa ga Innata Ƙaltume, a Kasala.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da duk mutanen gida. Yaya ciwon ƙafarki? An yi salla lafiya? Mu nan alhamdu lillahi. Baba yana nan yana zuwa dukkan, wato shagon dabinon da yake aiki kusa da Haram, ni kuma na gama ibtida'iyya, firamaren nan, ina zaune gida.

Inna, akwai maganar da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko ƙawata Zenabu ba ta sani ba. Muryata ta sauya. Ba irin sauyawar mura ba. Ta koma muryar Umma.

Ga yadda na sani. Kafin azumi ina wanke-wanke a tsakar gida, sai waƙar nan ta kogin Gash ya kawo ruwa ta zo mini a baki, wadda ku 'yan amshi kuke shigowa bayan sarewa. Ban ji shigowar Baba ba, sai da na ji ledar burodi ta faɗi ƙasa. Na waiwaya na gan shi a tsaye. Ba ni yake kallo ba, ƙofar ɗakin Umma yake kallo. Da ya juyo ya ga ni ce tsugune da tukunya, sai ya koma waje. Bai dawo ba sai bayan magariba, bai kuma ci abinci ba. Har yau bai yi mini maganar ba. Ni ma tun ranar ban sake buɗe baki da waƙa a gidan nan ba.

Kin san ni ba mai magana ba ce. A makaranta ma ana ce mini kurma. Amma idan na zauna ni kaɗai, Kasala nake komawa, nadin ma'aikatan jirgin ƙasa, kulob ɗin nan nasu, ranar Alhamis bayan la'asar, sa'ad da inuwar dalbejiya ta rufe filin kuma dutsen Taka ya yi ja. Ina tuna kujerun ƙarfe da ake jerawa, da mai sayar da gyaɗa a bakin ƙofa. Ina tuna firƙar Baba, ƙungiyarsu ta kiɗa, cikin fararen riguna: kamanja biyu, gogen nan na Turawa, Baba Rabo da udinsa mai kama da garaya a kan ciki, Baba Abdulsalam da sarewa, da uwar kamanjar nan da ake tsayarwa a ƙasa, wadda nake jin tsoronta don ta fi ni tsawo. Ku kuma shida a baya, mata uku maza uku, ke a hagun Umma. Aikina riƙe mata kofin ruwa.

Abin da na fi so ba waƙoƙin ba ne, abin da ake yi kafin a fara ne. Mai akodiyan kullum a makare yake, sai jirgin Bur Sudan ya shigo, don haka Umma ce take ba da sautin da kowa zai ɗaure tsirkiyarsa a kai. Takan rufe baki ta ja shi a hankali, siriri, ba ya rawa. Baba ya murɗa tasa, mai kamanja ta biyu ya bi shi, Baba Rabo yana mita wai shi tsirkiyoyinsa sun fi 'ya'yansa yawa, a yi masa haƙuri. Mutane su yi tsit tun ba a ce su yi ba. In mai akodiyan ya iso da guminsa, sai ya danna don ya gwada ta. Bai taɓa kama ta ta kauce ba.

A nan babu wannan. Garin Manzo ne, kuma ban ce bai dace ba. Tun da muka zo hajji muka zauna, sau biyu ko uku na ga Baba ya taɓa kamanjar a ɗaki, Umma tana ba shi sautin ƙasa-ƙasa. Tun da aka binne Umma a Baƙi'a kuwa, kamanjar tana saman kabad, a naɗe cikin laffayarta shuɗiya. Maƙwabciyarmu 'yar Kano ta taɓa tambayata ko gawar me muka ajiye a can.

Inna, ke ce kika tsaya kusa da ita shekara da shekaru. Me zan yi da muryar nan? Ban roƙe ta ba.

Ki gaida kowa da kowa. Ina yi muku addu'a duk ranar da na shiga Haram.

Taki har kullum,
Innayatu

Bani Harisa, Madina
Muharram, 1398

Zuwa ga Innata Ƙaltume.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina tambayar lafiyarki da ta yara. Mun shiga sabuwar shekara lafiya, Allah ya maimaita mana. Sanyi ya sauko a nan sosai.

Baba Rabo ya kawo mini amsarki da ƙullin zoɓo, na gode. Na karanta inda kika ce kada in yi gaggawa, kuma kada in ɗauka laifi ne. Na ɓoye ta cikin littafin tajwidi.

Shi Baba Rabon ya gama aikin hajjinsa, ya zo ziyara, ya sauka a wurin Baba Abdulsalam, wanda yanzu yake kula da wata gonar dabino a Aƙiƙ. Inna, bai sauya ba, sai dai cikin ya ƙaru. Da ya gan ni cikin abaya sai ya ce wace Hajiya ce wannan, ina 'yar mai kofin ruwa, ko an sayar da ita an sayo wannan? Na rasa inda zan sa fuskata.

To ga labarin. Ɗan Baba Abdulsalam zai yi aure a ƙarshen watan nan. Baba Rabo ya lissafa ya ga mutum uku na tsohuwar firƙa suna gari ɗaya, abin da ya ce ba zai sake faruwa ba sai a lahira, in ma an yarda da udi a can. Sai ya dage a yi 'yar ƙaramar hafla, zaman kiɗa, a cikin gonar, bayan katanga, da rana, mu ya mu. Ya aro udi a wurin wani wanzami. Hajiya Fatna, matar Baba Abdulsalam, da 'ya'yanta mata za su yi amshi daga bayan labule, ko da yake 'yan matan da Larabci kawai suke amsa magana, sai an faɗa musu baitin Hausa sau da yawa.

Baba ya ce shi ya bari. Baba Rabo ya zauna a tabarmarmu ya ce ba zai tashi ba, a kawo masa shayi da bargo. Ya ce, "Mahmudu, na tsallako teku da wannan cikin, jirgi har yana karkata, sannan ka ce mini ka bari?" Sai da Baba ya yi murmushi. Na daɗe ban ga haƙoransa ba. A ƙarshe ya yarda da gwaji ɗaya.

Ranar Juma'a bayan an sauko muka tafi Aƙiƙ. Na ɗauko kamanjar a cinyata cikin mota, ina jin ƙanshin sandal ɗin Umma a laffayar. Aka shimfiɗa darduma ƙarƙashin dabino, mu mata muna bayan labule. Baba ya shafa wa bakan ƙaro kamar yadda ya saba.

Baba Abdulsalam ya busa sarewa ya ba da sautin. Baba ya murɗa, ya goga, ya sassauta, ya sake murɗawa. Ya ce a sake busawa. Aka sake. Haka aka yi ta yi har shayi ya huce. Baba Rabo ya daina wasa. Daga bisani Baba ya ajiye bakan ya ce iskar Madina ta busar da icen, ba za ta ɗauru ba. Sannan ya ce wa Baba Rabo in zai koma ya tafi da ita Kasala, ya ba wani yaro mai koyo, don zamanta a saman kabad zalunci ne.

Ina tsaye da faranti a hannu, labule kawai tsakanina da shi. Sautin yana nan a wuyana, wallahi Inna, har ina jin zafinsa. Na haɗiye shi. Na tuna yadda ya kalli ƙofar ɗakin nan.

Idan kamanjar ta tafi, ina ganin Baba ba zai sake zama komai ba sai mai auna dabino. Yana fita, yana dawowa, yana salla, yana kwanciya. Ina tsoron in yi shiru ta tafi, ina kuma tsoron in buɗe baki in ƙara masa ciwo.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaida mai akodiyan idan yana nan, ki ce 'yar mai kofi tana gaishe shi.

'Yarki,
Innayatu

Bani Harisa, Madina
Ƙarshen Muharram, 1398

Zuwa ga Innata abin ƙaunata.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kuna lafiya kamar yadda muke. Wannan takarda Baba Rabo zai kawo miki da hannunsa, don jibi zai sauka Jidda. Gobe ne bikin.

Inna, asirina ya tonu, amma ga mutum ɗaya. Shekaranjiya na je Aƙiƙ taya Hajiya Fatna aiki. Na kai kofuna can ƙarshen gona inda injin ban ruwa yake ƙara, na ɗauka ba mai ji na. Na yi waƙar Gash tun daga farko har ƙarshe, da wurin da kamanja take shiga, da wurinku. Da na ɗago sai ga Baba Rabo zaune a kan kututturen dabino, da butar alwala a hannu. Idonsa ya yi ja. Ya ce hayaƙin injin ne, wannan injin mugu ne.

Na so ƙasa ta tsage. Ya ce in zauna. Ya ce, "'Yar Hussaina, ashe ke ce ɓarauniyar, muna ta neman abu yana aljihunki." Sannan ya faɗa mini abin da ni ban lura ba. Ya ce ranar gwajin nan Baba ya ɗaure tsirkiyar daidai tun a karon farko, shi da Baba Abdulsalam duk sun ji. Da hannunsa yake sake kwance ta. Ya ce ba icen ne ya bushe ba. In ta ɗauru dole a fara waƙa, in an fara kuma za a zo wurin da Umma take shigowa, shi kuwa ba ya so ya isa wurin.

Sai ya kawo dabararsa. Wai gobe, in mutane sun taru, zai miƙa wa Baba kamanjar a ce ya yi mata sallama, ni kuma in ba da sautin daga bayan labule. Ya ce a gaban baƙi Mahmudu ba zai iya gudu ba, kunya za ta riƙe shi, hannunsa kuma zai tuna aikinsa. Ya ce wani maganin sai an toshe wa mutum hanci. Na ce to, don ban iya ce wa babba a'a ba.

Na kwana biyu ina juya maganar. Na san don Baba yake yi, kuma ya fi ni saninsa. Wataƙila ma dabarar ta ci. Har na riƙa hango abin: dabino, fararen riguna, mutane sun yi tsit kamar a nadi. Ba abin da nake so a duniya kamar in sake jin wannan shirun.

Amma Baba Rabo bai ga fuskar Baba ba ranar da burodi ya faɗi. Ni na gani. Fuskar mutum ce da aka ce masa ga matarka ta dawo, kafin ya numfasa aka ce a'a. Ba zan sa a yi masa haka a gaban abokan aikinsa da surukan mutane ba. Kuma daga bayan labule ba zai ga kowa ba, murya kawai zai ji, ya sake neman wadda ba ta nan. Ban so in zama fatalwar uwata, Inna. Ina so ya san ni ce.

Yanzu azahar ta wuce, an rufe dukkan, ya dawo gida. Yana tsakar gida a kan tabarma, ya sauko da kamanjar yana goge ta da tsumma don ya ba da ita gobe. Ina jin sa daga nan ɗaki. Ba kowa a gidan sai mu biyu. Na sha ruwan ɗumi. Na je na zare sakatar ƙofar waje na bar ta a buɗe, ya dube ni, ya ci gaba da goge kamanjar.

In na rufe takardar nan zan fita in zauna a gabansa, inda rana take, ba mayafi a fuskata. Zan ce, Baba, ni ce Innayatu. Sannan in rufe baki in ba shi sautin, in riƙe shi iyakar numfashina. In ya tashi ya fita, daga gidansa ya fita, ba wanda ya gani, zan rufe masa abincinsa in jira shi. Gobe kuma ba zan yi komai a bayan labule ba sai in shi ne ya ce in yi. Ban faɗa wa Baba Rabo ba tukuna. Zai yi mita, ki ba shi haƙuri in ya iso.

Ko kamanjar ta zo tare da takardar nan ko ba ta zo ba, za ki gani da idonki kafin ki karanta.

Ki gaida yara da duk wanda ya tambaye ni. Allah ya jiƙan Umma, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce 'yarki,
Innayatu Mahmudu