Gwangwanin Maɓallai

Ya sanyin idaniyata, inuwata a tsakar ranar Riyad, ruwan farkon damina, Yaya Kamil nawa ni kaɗai!

Ina yi maka sallama mai ƙamshin turaren da ka bari a labulen ɗakinmu na unguwar Al-Badi'a. Tun da kuka fara jigilar agaji zuwa Sudan, duk jirgin da ya gifta sai na saki ludayi na leƙa taga. Ashe haka kewa take? A littattafaina shafi biyu take ci, masoyi ya dawo. Ni kuwa ta cinye min barci, ta cinye ɗanɗanon shayi, ga ta tana lasar ƙasusuwana!

Ka tuna ranar da Yaya Rabilu direba ya kai mu unguwar Ulaya, gidan tsohon Bajamushen injiniyan da yake tuƙawa? Ka tuna da matarsa ta juye gwangwanin maɓallai tana neman allura, wani ɗan ƙarfe mai ganyaye ya faɗo? Injiniya ya ce lambar yabon kakansa ce, wanda shi ma kamar kai, cikin jirgin kaya yake aiki a babban yaƙinsu. Burodi yake kai wa sojoji a ƙasar ƙanƙara, ya kwaso masu rauni. Ya ce yawan sawu ake dubawa: a fara ba ka tagulla, ka ƙara a ba ka azurfa, ka ƙara a ba ka zinariya. Ya kuma ce yaƙin na zalunci ne, ba ya alfahari da shi.

Ni fa a lokacin tuni na lula duniyar tunani. Na ga gajimare, na ga jarumi da iska tana kaɗa masa kwalar riga, idona ya yi ta ƙyalli, kai kuma kana kallona. Ko a mota ban yi shiru ba. Bayan ɗan lokaci ka zo min da labarin ka sa sunanka a jerin masu tafiya, kana murmushi kamar ka kawo min tsaraba.

Farin watana, ƙarshen labarin ne bai shige ni ba sai yanzu. Azurfa ce a hannun kakan nasa, zinariyar yake bi, sawun da bai dawo ba ke nan. Matarsa, kakar injiniya mai gwangwanin tun asali, ita ta jefa lambar cikin maɓallai, wai ko riga ba ta iya rufewa. Shekara da shekaru tana ɗinki, tana ture ta da yatsa don ta ɗauki abin da zai yi mata amfani. Wayyo, wane irin haƙuri ne wannan? Ni ba ni da shi!

Jiya ka ce min a waya mudir, shugabanku a wurin aiki, na neman waɗanda za su sake wani zagayen, kuma za a karrama su a gaban jama'a. Ka ce kana tunani. Zumata, kada ka yi tunanin don ni. Buhunan fulawa da kwalayen maganin da ka ɗaure da hannunka sun isa bakin mayunwata, Allah ya gani, ladanka na wurinsa. Idan zuciyarka ta ce ka koma saboda su, zan yi kuka in yi maka addu'a. Amma idan ƙyallin idona na ranar nan kake bi, na roƙe ka da girman Allah ka ce wa mudir a'a. Mene ne zinariya a kan ƙirjin da ba ya numfashi? Wa zai riƙa yi min dariya in na ƙona shinkafa saboda ina babin ƙarshe?

Farar jallabiyarka ta Juma'a, wadda maɓallin wuyanta ya tsinke, na ɗinka mata sabo. Sau uku allura ta soke ni, kuma ya ɗan karkace. Shi kaɗai nake so in gani a ƙirjinka. Ka dawo in ɓalla maka shi da hannuna.

Taka a yau, taka ranar da furfura za ta rufe mu, taka har gaban Ubangiji,

Zaituna