Gishirin Teku Ya Cinye Hutuna

Ikko, 20 ga Afrilu, 1956

Zuwa ga Yaya Rabe, Unguwar Kanawa, Kaduna.

Gaisuwa mai yawa. Ya azumi, ya jikin Inna? Allah ya ba ta lafiya. Ni lafiya lau nake, kada ku damu.

Sai dai ba zan zo Sallah ba. A nan, in an ɗaure jirgin ruwa, dole a ɗauraye cikin injinsa da ruwan famfo. Ni da na saba da kogin Kaduna, na ɗauka duk ruwa ɗaya ne, na bar shi mako biyu ban ɗauraye ba. Gishirin teku ya cinye bututun injin, Baturen da nake wa aiki ya soke hutuna.

Ka ce wa Inna aiki ya riƙe ni. Kullum da yamma ina shayar da ƙarfe ruwan daɗi da hannuna, ina tunanin wa ke miƙa mata nata.

Ƙaninka,
Sanda